Dariyar da Ke Gyara Gari: Nasiha ga Samari da 'Yan Matan Gobir

Ɗiyana da jikokina na Sabon Birni da Isa, da na Gatawa da Kurawa da Unguwar Lalle, da waɗanda hali ya kai Gidan Rumji ko Sakkwato,

Maganar dariya nake so mu yi. Na san wasu tsarana ba sa jin daɗin ganinku kun taru a kan waya ɗaya kuna ƙyalƙyatawa, ko kun naɗa wa ɗayanku rawani kun sa masa babbar riga yana kwaikwayon ɗan siyasa, kuna ɗaukarsa don ku sa a TikTok. Sukan ce garin da ake makoki ba a wasa. Ina gane zafin da ke sa su faɗin haka, domin babu gidan da masifar 'yan bindiga ba ta taɓa ba a ƙasar nan. Amma ni ba zan ce ku bari ba. Abin da ke hannunku tsohon gado ne, kuma mutanen da aka matsa wa sun fi kowa bukatarsa. Roƙona kawai ku san ladubbansa, don wanda ya ɗauke shi ba da sani ba yakan ji wa nasa ciwo, ya bar wanda ya kamata ya taɓa yana barcinsa lafiya lau.

Ku fara da gida. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya bar mana yabo, ya kuma bar mana zambo da habaici da har yau malaman jami'a ke nazari. Idan ya tasar wa ɗan sarkin da ke ja da ubangidansa, ba ya bukatar kiran suna. Siffa ɗaya zai zaɓa, ta tafiya ko ta rowa ko ta kwaɗayin sarauta, ya ɗora ta a kan wata dabba, fada ta kwashe da dariya, kowa ya gane wanda ake nufi. Ai kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ku koyi wannan ƙwarewar wajen Narambaɗa: kallo mai kyau, da kalma kaɗan mai nauyi. Amma ku lura da abu biyu. Zambon fada dariya ce da ke tsaye a gefen mai mulki, don makaɗi ubangidansa yake kārewa. Sannan zambo ba ya mutuwa da wuri. Akwai gidajen da har jikoki ke jin kunyar baitin da aka yi wa kakansu. Wanda ya san haka ba zai yi gaggawar saka hoton wani a waya don a yi masa dariya ba, tunda abin da ya shiga intanet ya fi waƙar kotso daɗewa.

Akwai kuma dariyar da ke hawa sama, daga talaka zuwa ga shugaba, kuma kakanninmu sun ware mata wuri. A wasan gauta matan fada ke shiga kayan sarki da na fadawansa, su kwaikwayi maganarsu da shari'arsu da yadda wani ke karɓar gaisuwa a ɓoye, sarki na zaune yana kallo. A nan yake ganin abin da babu bafaden da zai iya faɗa masa ido da ido. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan naɗa nasu sarki da alƙali da dogarai. A tashe, da azumi ya kai goma, yara kan fito da Jatau Mai Magani da Tsoho da Gemu da tashen gwauro, su taɓa mai maganin ƙarya da dattijon da bai riƙe girmansa ba. 'Yan kama su kwaikwayi malamin da karatunsa ya koma neman tuwo. Dubi kuma wasan da ke tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa: Bagobiri zai tare Bayarabe a tasha ya kira shi bawansa, shi ma ya rama, a rabu ana dariya, wani lokaci har da kyauta. Abin da ya sa ba a faɗa shi ne kowanne na da damar ramawa. Duk waɗannan wasanni suna da lokaci, suna da iyaka, kuma ba a yi wa wanda ba shi da bakin mayar da martani.

Da rubutun boko ya zo, wannan gado ya shiga littafi. Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar da aka shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Yawancinku kun karanta shi a makaranta don cin jarrabawa, amma ina so ku sake karanta shi da idon manya. Ku tsaya a wurin da Alhaji Imam, jarumin labarin, ya sauka wani gari na jahilai ya mai da kansa babban malami, sai ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya zo zai tona shi. Alhaji ya zana wata 'yar lanƙwasa a ƙasa ya ce a faɗi ko mene ne. Zurƙe, da yake ya yi karatu, ya shiga kiran sunayen baƙaƙe. Alhaji ya juya ga jama'a ya ce jinjirin wata ne. Mutanen gari suka duba suka ga lalle abin da suka sani ke nan, suka goyi bayan maƙaryaci, suka kori mai ilimi.

Yaro yana karanta wannan ya yi dariyar wayon Alhaji. Babba yana karantawa dariyarsa ta tsaya a maƙogwaro, don ya gane mutanen garin nan mu ne. Sau nawa muka zaɓi wanda ya faɗa mana abin da kunnenmu ke so, muka juya wa mai gaskiya baya saboda maganarsa ta yi mana wuya? Abubakar Imam bai tsaya ya yi mana wa'azi a wurin ba, bai ce jama'a ku ji tsoron malaman ƙarya ba. Ya bar labarin ya yi aikinsa. Haka ya yi a Magana Jari Ce, inda ya sa aku ya riƙa koya wa 'ya'yan sarakuna hankali da labaran alƙalai da ɓarayi da wawaye. Malam Aminu Kano ma tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya riƙa rubuta wasannin kwaikwayo masu taɓa zaluncin ma'aikatan En'e da cutar 'yan kasuwa, tun kafin a kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Daga baya Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, talabijin ta zo da Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero, Ɗanmaraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya shiga gidajen aure da tashoshin mota. Ba ku rasa magabata ba.

Yanzu bari in kai ku nesa kaɗan, wurin mutanen da suka sha irin abin da muke sha, suka kuma mayar da shi gajerun labarai da duniya ke karantawa. Kun saba da finafinan Indiya. Harshen da kuke ji a cikinsu ɗan'uwan Urdu ne na jini, harshen da ake rubutawa da baƙaƙen Larabci kamar ajaminmu, wanda Musulmin Indiya da mutanen Pakistan suka yi adabi mai yawa da shi. A 1947 Turawan Ingila suka tashi, aka raba ƙasar biyu, Indiya da Pakistan. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu, ɗaruruwan dubbai suka mutu a hannun maƙwabtan da suka tashi tare. Wani marubuci mai suna Sa'adat Hasan Manto, wanda aka haifa a 1912, yana rubuta labaran fim a birnin da yau ake kira Mumbai, shi ma ya tattara ya koma Lahor.

Labarinsa da ya fi shahara sunansa Toba Tek Singh, sunan wani gari ne a yankin Punjab. A cikinsa gwamnatocin biyu suka shirya musayar masu taɓin hankali: Musulmin da ke asibitocin Indiya a kai su Pakistan, 'yan Hindu da 'yan Sikh a kai su Indiya. A asibitin Lahor majinyata suka ruɗe. Jiya suna Indiya, yau an ce suna Pakistan, alhali ko taku ɗaya ba su yi ba. Ɗaya ya hau bishiya ya ce shi a nan zai zauna, ba ya son ko ɗaya daga ƙasashen biyu. Wani tsoho Bishan Singh kuwa tambaya ɗaya yake yi wa kowa, garinsu a wace ƙasa ya faɗa, babu mai ba shi amsa tsayayya. Ranar musaya aka kai shi bakin iyaka, ya ji garinsu yana ɓangaren da ake fitar da shi, ya ƙi motsawa. Ya tsaya a 'yar tazarar da ke tsakanin wayoyin ƙasashen biyu har ya faɗi ya cika a wurin. An buga labarin a 1955, shekarar da Manto ya rasu yana da shekara 42.

Wa zai fi Bagobiri gane wannan labari? Alƙalawa ta faɗi a 1808, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wasu kakanninmu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan Ingila da Faransa suka zauna a 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi a takarda. Yau Sarkin Gobir na Tsibiri yana Nijar, na Sabon Birni da na Isa suna Nijeriya, tsaga ɗaya a fuska, kuɗi biyu a aljihu. Da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, kun ga yadda zuwa biki ko jana'izar ɗan'uwa ya koma laifi. Amma abin da nake so ku ɗauka wajen Manto shi ne inda ya ajiye dariyar. Rabin farko na labarin abin dariya ne ƙwarai, sai dai ba majinyatan ake yi wa ba. Su ne ke yin tambayar masu hankali. Dariyar tana sauka a kan manyan da suka raba ƙasa suna zaune a ofis. Marubucin da bai kai Manto tausayi ba da ya tsaya kan surutan mahaukaci, mu yi dariya mu watse ba mu ƙaru da komai ba.

Yana da wani ƙaramin littafi na 1948 mai ɗauke da labarai gajeru ƙwarai kan tarzomar, wasu ba su wuce layi biyar ba. A ɗaya, 'yan zanga-zanga a Lahor suka far wa mutum-mutumin wani attajiri ɗan Hindu mai taimakon jama'a, Ganga Ram. Wani ya haɗo tsofaffin takalma zai rataya masa a wuya, 'yan sanda suka yi harbi, aka ji masa rauni, aka ɗauke shi zuwa asibitin da ke ɗauke da sunan Ganga Ram ɗin. Nan labarin ya ƙare. Manto bai ƙara ko kalma ɗaya ta sharhi ba, kuma bai bukata.

Na biyu da zan ba ku shi ne Krishan Chander, wanda ya rasu a 1977. Yana da labarin wata bishiya da iska ta kayar a harabar sakatariyar gwamnati ta danne wani mutum. Mai kula da lambu da ƙananan ma'aikata suka so su ɗaga ta, aka ce a dakata a nemi izini. Aka buɗe fayil. Fayil ya tafi ma'aikatar gona, ya tafi ta kasuwanci, ya tafi ta gandun daji, ya biya ta lafiya. Da aka ji mutumin mawaƙi ne aka tura shi sashen al'adu. Da aka zo sarewa ma'aikatar harkokin waje ta ce shugaban wata ƙasa ne ya dasa bishiyar, kada a ɓata zumunci. Ranar da izini ya fito daga sama, mutumin ya riga ya cika. Ku lura, babu mugu ko ɗaya a labarin. Kowane ma'aikaci yana da ladabi, kowa yana bin ƙa'ida, wasu har tausayi suke ji. Shi ya sa labarin ke da zafi, shi ya sa kuma duk ƙasar da aka karanta shi sai mutane su ce da su ake. A 2019 wata hukumar jarrabawa a Indiya ta cire shi daga manhajarta, shekaru da yawa bayan rasuwar mai shi.

Ɗiyana, irin waɗannan labarai suna nan zube a ƙofar gidajenku, ba mai ɗauka. Manomin da ya biya haraji wuri biyu, na hukuma da na mutanen daji, kuma bai kwana da ido biyu rufe ba. Tawagar jaje da man motocinta ya fi kayan tallafin da ta kawo tsada. Takin zamani da ke isowa bayan gero ya yi kai. Lokacin da aka datse layukan waya a 2021, da yadda mutum zai yi tafiya neman layin Nijar don ya ji ko ɗansa ya isa lafiya. Mai unguwar da ke rubuta sunayen 'yan gudun hijira sai aka tarar duk danginsa sun yi hijira a takarda. Mu kanmu talakawa da ke kuka da shugabanni, ranar zaɓe kuma mu karɓi taliya da sabulu. Wanda ya iya rubuta ɗaya daga cikin waɗannan da kyau, har mai karatu ya yi dariya sannan ya yi shiru, ya yi wa ƙasar nan aikin da dogon jawabi ba zai yi ba.

Barkwancin gyara kamar ƙahon wanzami yake. Ana ɗora shi daidai inda ciwo yake, a yi 'yar tsaga kaɗan, a ja mataccen jini, kuma mai yin sa lafiyar mutumin yake nema. Don haka kafin ka saki wani abu, ɗana, tambayi kanka a kan wa dariyar za ta sauka. Idan a kan matar da ta kwana a tashar mota da 'ya'yanta ne, ko tsohon da ya gudo ba takalmi, ko mai in'ina, ko gurgu, ko baƙauyen da bai iya riƙe waya ba, to ka goge. Ina ganin yadda wasu masu wasan barkwanci na birni ke mai da harshenmu na Gobir da Sakkwato abin dariya, kamar duk mai cewa "shina" da "awa" wawa ne. Kada ku taya su. Haka nan kada ku yi wa ƙabila ɗungurungum kuɗin goro. Akwai Fulanin da aka kwashe wa shanu aka kashe wa 'ya'ya kamar kowa, kuma wasan da ya mai da kowane mai sanda ɗan ta'adda wuta yake ƙara wa. Sannan abin da ya shafi gawa da wanda ke hannun masu garkuwa ba wurin wasa ba ne ko kaɗan. Abin da ya sami Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun masu garkuwa a 2024, Allah ya jiƙansa, ya ishe mu sanin cewa akwai hotunan da ko turawa bai kamata a yi ba, balle a ɗora musu raha.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili da jifan juna da munanan laƙubba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi raha da sahabbansa, amma ba ya faɗin komai sai gaskiya, kuma ya yi kashedi ga mai shara ƙarya don mutane su yi dariya. Ƙagaggen labari da kowa ya san ƙagagge ne daban yake da ƙazafi. Ka ƙirƙiro shugaban ƙaramar hukumar da babu shi, a garin da babu shi, ka ɗora masa halin da kowa ya sani, wannan hikima ce. Ka kama sunan mutum mai rai ka ce ya saci abin da ba ka da shaida, wannan zalunci ne ko da mutane sun yi dariya.

Barin suna yana kuma tsare kai. A 2008 kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure Rabilu Musa Ɗan Ibro, a lokacin da hukumar tace finafinai ta matsa wa 'yan fim. A 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa samari biyu bulala 20 kowanne da tara da sharar harabar kotu, saboda wasan da suka yi da sunan gwamna a TikTok. Ni ban ga bulala a matsayin amsar wasa ba, kuma shugaban da ya san darajar wasan gauta da ya saurara ya gyara. Amma haka zamanin yake, ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 da ake kama mutane da ita. Manto ma sau shida ana gurfanar da shi gaban kotu kan rubutunsa. Ku kuma kuna da haɗarin da ya fi kotu. Kada ɗayanku ya zauna a Sakkwato ko Kano ya kira sunan wani ƙasurgumin ɗan bindiga yana yi masa ba'a, alhali iyayensa na kwana a ƙauye. Kada kuma ku faɗa ɗaya ramin, na kwaikwayon shigarsu da maganarsu har ƙananan yara su ga abin burgewa ne. Labarin da bai kira sunan kowa ba ya fi nisan tafiya, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ina so wasunku su wuce bidiyon minti ɗaya su kama alƙalami. Bidiyo na da amfaninsa, amma yana tura mai shi neman dariyar gaggawa, faɗuwa da ihu da zagi, saboda a samu masu kallo. Gajeren labari yana ba ka damar ka zauna da abu, ka rage, ka sake ragewa. Ku rubuta da Hausar da kuka tashi da ita, ku bar tsoho ya yi magana kamar tsohon Gobir, ku bar ma'aikaci ya yi tasa Hausar ofis mai gauraye. Kada ku bayyana wa mai karatu inda zai yi dariya, kada kuma ku rufe da wa'azi, ku amince da hankalinsa. In kun gama, ku karanta wa wata tsohuwa a gida da babbar murya. Wadda ta shekara tana ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta san inda labari ya yi sanyi tun kafin ku kai ƙarshe.

Ku kuma 'yan matana, wannan fage naku ne tun asali. Mata ne suka riƙe wasan gauta, su ne masu habaicin daka da niƙa, su ne suka san abin da ke faruwa a layin rabon tallafi da ɗakin awo. Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata tun 2016, kuma ina fatan in ga sunan 'yar Sabon Birni ko Isa a cikin waɗanda suka yi zarra, da labarin da zai sa mutanen Abuja dariya sannan ya hana su barci.

Ku nemi Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ku sake karantawa. Wanda ya iya Turanci ya nemi fassarar labaran Manto da na Krishan Chander, ya zauna ya ba 'yan'uwansa da Hausa. Ku je wurin tsofaffin da suka ga wasan kalankuwa da idonsu, ku tambaye su yadda ake yi tun suna da rai, ku rubuta. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir.